Rundunar Kashe-ka-kunna

Manyan kamfanonin manhaja sun daɗe da gano wani sirri: akwai mutanen da za su yi musu aiki ba ko sisi, muddin za a ba su riga mai tambari, a kuma tafa musu sau ɗaya a shekara. Mozilla, masu Firefox, suna da rundunar 'yan sa-kai da ake kira SUMO, masu amsa tambayar duk wanda manhaja ta birkice masa, su kuma fassara bayanan taimako zuwa harsunansu. In kamfanin zai yi babban taron ma'aikatansa, yakan gayyato wasu daga cikinsu a ga juna, a ci a sha. Google na da ƙungiyoyin GDG a birane da dama, har da Kano, inda ake taron DevFest wajen ƙarshen shekara. 'Yan Wikipedia ta Hausa su ma sukan tara matasa su koya musu aiki, ga kuma CITAD da ta daɗe tana horar da mutane a kan kwamfuta. Duk waɗannan an san da zamansu, sunansu na kan takarda.

Amma akwai reshen da ba kamfanin da ya san da shi, kuma ni a ganina ya fi kowane reshe shan aiki. Yana Karaye, yana Rogo, yana Zarewa da Yammedi da duk ƙauyen da sabis ke kaiwa, ko da sai an hau tudu. Ofishinsa bencin mai caji ne, ko gindin darbejiyar bakin tasha, ko bayan teburin mai POS. Ba a ɗaukar kowa aiki, ba a kuma sallamar kowa. Ranar da aka ga ka gyara wa wani waya, shi ke nan, an naɗa ka. An kafa masarautar Karaye a 2019, aka rushe ta a watan Mayun 2024, aka dawo da ita bayan wata biyu a matsayin mai daraja ta biyu, ta haɗa Karaye da Rogo. Duk wannan juyi bai taɓa sarautun rundunar nan ba, domin ba gwamna ne ya naɗa su ba.

Aikin ba rana ɗaya ya taru ba. Da GSM ya shigo Najeriya a 2001, matsalar mutum ba ta wuce kankare kati da karanto lambobi ba. Sai JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015. Sai aka ce a watan Disamban 2020 kowa ya haɗa layinsa da NIN, a Afrilun 2022 kuma aka toshe kiran waɗanda ba su haɗa ba. Sai ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da mai tsire da mai kayan miya suka koma karɓar taransifa ba don suna so ba. Kowace doka aka sa wa hannu a Abuja, ƙarshenta jerin gwano ne a gaban wani yaro a Rogo, wanda bai ci nanin ba, nanin za ta ci shi.

Dattijon rundunar shi ne Malam Kashe-ka-kunna. Maganinsa ɗaya ne, kuma ba ya jira ya ji ciwon. “Malam, wayar nan ce ba ta...” “Kashe ka kunna.” Hoto ya ƙi buɗewa, kashe ka kunna. Data ta ƙare, kashe ka kunna. Ko sace maka wayar aka yi, sai ya fara faɗa kafin ya tuna. Abin haushin shi ne sau da yawa maganin yana ci, shi ya sa ba wanda ya isa ya ƙure shi. A zamanin ƙananan wayoyi ilminsa ya fi haka faɗi: a cire batir, a hura, a goge layi da bakin riga, a mayar da bismillah. Da aka fara kawo wayoyin da batirinsu ba ya fita, rabin karatun Malam ya tafi, kuma har yau bai yafe wa masu ƙera su ba. Ya ce wayar da ba ta yarda a ga cikinta ba, akwai abin da take ɓoyewa.

Wanda ya kamata ka guda, in kana ƙaunar abin da ke cikin wayarka, shi ne Sarkin Fulashin. Saurayi ne mai laftof da rabin gilashinta ya mutu, da igiyoyin caji rataye a wuya. Ya taɓa zama wata uku a Farm Centre a Kano wajen wani ubangida, ya dawo da cuta ɗaya tak da ya sani: bairos. Waya tana zafi, bairos ne. Lasifika ta toshe da ƙurar sussuka, bairos ne. Maganin bairos kuwa a wanke waya tas, ta koma yadda ta fito daga kwali. Irin wanzamin nan ne da za ka je ya rage maka saje, ka tashi da ƙwal-kwabo. Kuma ba ya tambaya. Sai ya gama ya miƙo da alfahari, Hajiya ta shiga lalube.

“Ɗan nan, ina hotunana na Makka?”

“Waɗanne, Hajiya?”

“Na Arfa, da na sunan jikata, da karatun malam da nake ji da asuba.”

“Ai ba ki ce akwai abu a ciki ba, Hajiya. Amma duba ki ga yadda take gudu yanzu.”

Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya, tun bayan la'asar, suka shafe wajen sa'a shida. Matsalar tana can cikin na'urorin kamfanin, ba abin da ya haɗa ta da wayar kowa. To, wa zai gaya wa Sarki haka? A wajensa kasuwa ce ta ci da daddare. Allah kaɗai ya san yawan hotunan biki da suka salwanta a daren nan a faɗin ƙasar Hausa. Da abin ya dawo don kansa, ya ce ai aikinsa ne, ɗan jinkiri ya yi kafin ya kama.

Kusa da shi akwai amininsa Ɗan Jagwal, wanda ba ya gyara, sai dai ya juya wayar, ya girgiza kai, ya ja tsaki. Kowane bincikensa da jimla ɗaya yake ƙarewa: “Wannan ta gama yawo, amma don kai ne, kawo in saya.” Jibi za ka gan ta a hannun maƙwabcinka, garau.

Sai Ma'aji, wanda ni shi na fi girmamawa. Shi ya buɗe wa rabin unguwa adireshin Gmail, domin babbar waya ba ta sakin jiki sai da shi, mai wayar kuwa bai ma san yana da wani abu wai shi adireshi ba. Ma'aji na da littafi mai jan bango, wanda asalinsa na lissafin ƙanensa ne, a ciki akwai sunan kowa da lambar sirrinsa. Lambobin ba su da wuyar haddacewa: lambar wayar mutum ce, ko sunan ɗansa na fari da 1234 a gaba. Duk wanda ya shiga littafin nan ranar 1 ga Janairu aka haife shi. In ka ce ba ka san shekarar ba, Ma'aji ya dubi furfurarka ya yanke maka. Da masana tsaron intanet za su ga littafin, da sai an yayyafa musu ruwa. Amma shekara da shekaru yana riƙe da mabuɗin asusun mutane, na liman, da na mai unguwa, da na wanda suka yi rigimar iyakar gona da mahaifinsa, ba a taɓa jin kwabon wani ya yi ciwon kai ba. Aibin Ma'aji ɗaya ne: mutum ne, yana tafiya. Ranar da ya tafi bautar ƙasa ko cirani, duk wanda ya sake waya ya shiga uku. Sai a yi ta kiransa yana tsakiyar fareti.

“Don Allah duba min littafin nan, ni ne mai shayin bakin layinku.”

“Littafin yana gida, cikin akwatin Inna.”

“Daga wajenta nake. Ta ce ka ce kada ta ba kowa.”

Kowane gida kuma yana da Auta, ɗan shekara goma sha ɗaya, wanda ba wanda ya koya masa komai amma ya iya. Daga filin ƙwallo ake kiransa ya zo ya ƙara wa Baba girman rubutu, ya daidaita agogo, ya nemo lambar Kawu na Zariya da ta ɓace, alhali tana nan an ajiye ta da sunan “Sabuwa 2”. Ladansa minti goma na wasa a wayar. Hukuncinsa kuwa, duk abin da ya sami wayar daga yau har ta mutu, shi ne. “Zo nan, me ka danna?”

Ɓangaren da maza ba su gani shi ne na cikin gida, kuma can Anti ce ke mulki. Galibi malamar firamare ce ko ta Islamiyya, ko ma'aikaciyar ƙaramin asibiti. Ba ta da benci. Ofishinta gidan biki ne da gidan suna. Da ta zauna, kafin ta sauke mayafi, wayoyi sun taru a cinyarta, wata ɗaure da kyauro, wata an kwanto ta daga bakin zani. Ita ke karanta wa mata saƙon banki, ita ke duba ko kuɗin adashi sun shigo, ita ta koya musu danna *310# da aka haɗe lambar duba kuɗi ta duk layuka a 2023, wadda kowa ya haddace ta tashi aiki. Ta san wadda miji ya turo wa dubu biyar daga Legas da wadda ya turo wa gaisuwa zalla, kuma ba a taɓa ji a bakinta ba. Aiki ɗaya take ƙi. Akwai wadda za ta ja ta ƙuryar ɗaki, ta rage murya: “Anti, an ce ana iya haɗa wayar mutum da taki, kina ganin duk saƙon da ya shigo masa. Ba don komai ba fa, don in riƙa tuna masa.” Anti ta ce wannan sai an je Kano. Ta iya sarai. Aure nawa ke tsaye a ƙasar Karaye saboda Anti ta ce sai an je Kano, ba wanda ya ƙirga.

An ɗauka shigar Hausa cikin manhajoji zai rage wa rundunar aiki. Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook ya fara magana da Hausa a 2016. Ina! Yawancin masu gyaran da ido suka haddace hanya: na uku daga sama, danna, na biyu daga ƙasa, danna. Kawo musu wayar da mai kishin harshe ya juya zuwa Hausa, abin da za su fara yi shi ne su mayar da ita Turancin da su da mai wayar duk ba ji suke sosai ba, sannan a fara aiki.

To, ita wannan runduna tana da jakada ɗaya da ya taɓa ganin taron birni da idonsa, shi ne Wakilin Kamfani. Ba kamfanin da ya wakilta shi. Sanarwa ya gani, ya yi rajista kyauta, ya kama motar asuba. Gangancin da ya yi shi ne faɗa a majalisa tun da dare. Kafin ya kai tasha an haɗo shi da saƙo: leda cike da wayoyin da suka gagari Sarkin Fulashin, kowacce an liƙa mata takarda, da roƙon tun da zai ga masu abin, ya nuna musu. Wani dattijo har cewa ya yi, in ya ga mai Facebook ɗin, ya gaya masa akwai wani yaro da ke amfani da hotonsa.

Zauren taro wata duniya ce, ga sanyin na'ura, ga majigi, ga mutane kowa da kati rataye a wuya, amma halin ɗan Adam da ƙafarsa ya shigo. Akwai Mai Riga, wanda tun a ƙofa tambayarsa ita ce yaushe za a raba, kuma akwai babba? In aka ce sai an tashi, zai zauna har a tashi, ya jure jawabi shida da bai fahimci ko ɗaya ba. In aka raba da safe, kun rabu ke nan sai baɗi. Akwai Mai Gadin Soket, da ya shigo idonsa na kan bango. Ya sami mazauni kusa da wuta, ya jona waya biyu da fawa-banki da fitilar gida, ya karɓi lambar intanet ɗin kyauta, ya shiga sauke finafinan da za su kai shi damina. Shi ne dalilin da ya sa mai jawabi ya kasa nuna abin da ya zo nunawa. Mai Hoto kuwa ba ruwansa da baƙo sai ya sauko daga dandamali, sannan ya rungumo kafaɗarsa, gobe a ga hoton da bayanin cewa sun tattauna muhimman batutuwa.

Amma gwarzon kowane taro shi ne Mai Tambaya. An ce saura minti biyar, tambaya ɗaya, a taƙaice. Ya karɓi makirfo, ya busa, ya ƙwanƙwasa, ya yi sallama, aka amsa, ya ce bai ji ba a sake. Ya gode wa Allah, ya gode wa masu shirya taro, ya gabatar da kansa da muƙamansa uku, na ukun shugabancin wata ƙungiya ce da daga shi sai abokinsa a ciki. Sannan ya ce shi a gaskiya ba tambaya gare shi ba, ɗan tsokaci ne, kuma kashi uku ne. Kashi na uku kullum shi ne ko an yi wani tanadi na kuɗin mota ga waɗanda suka zo daga nesa. Nan kaɗai ne zaure ke tafa masa da zuciya ɗaya.

Shi kuwa Wakilinmu yana zaune da ledarsa tsakanin ƙafafu, ana ta bayanin ƙirƙirarriyar basira da yadda ake gina manhaja. Abu ne mai amfani, ba na musu. Daga irin waɗannan taruka yara da dama suka kama hanyar abincinsu. Sai dai tambayar da ya taho da ita daga gida ba ta cikin jadawali: mutumin da layinsa ya ɓata, layin kuma da sunan wansa da ya rasu aka yi masa rajista, lambar shiga asusunsa kuma can ake turawa, yaya za a yi da shi? Ya tare wani mai jawabi a bakin ƙofa da aka fito sallar azahar. Mutumin kirki ne, ya saurara har ƙarshe, ya sosa ƙeya, ya ce shi ma fa ɗan sa-kai ne, ba ma'aikacin kamfani ba. Nan Wakili ya gane cewa yawancin mutanen zauren, daga mai makirfo har mai raba ruwa, 'yan rundunarsu ne, sai dai su suna da riga.

Ya dawo bayan magariba da ledar yadda ya tafi da ita, sai ƙarin riga da sitika da kati mai igiya. Tun daga ranar ba ya zuwa ɗaurin aure sai da katin a wuya, kuma kowace magana tasa da “lokacin da muke taro da 'yan kamfani” take farawa. Rigar ta koɗe, tambarin ya fara ɓarewa, amma aiki ta ninka masa, domin yanzu in manhaja ta canja fuska cikin dare, ƙofarsa ake kai ƙorafi. “Ku me ya sa kuke canja abu ba shawara?”

Kada a ɗauka masu kawo wayar su waliyyai ne. Shugabansu Alhaji Ban-taɓa-komai-ba. Wayarsa ta koma harshen Sin, gilashi ya tsage gida uku, ga miyar kuka a ramin caji, amma shi a aljihu take, fito da ita kawai ya yi ya gan ta haka. Mai bi masa shi ne Mai Gaggawa, wanda ya san ranar rufe rajistar JAMB tun wata guda, amma sai daren ƙarshe zai buga maka ƙofa da ɗansa a gaba, ba NIN, ba ko kati a layin da za a tura saƙo zuwa 55019. Akwai masuncin dam ɗin Challawa, dam ɗin da aka gama a 1992 don noman rani da ruwan sha, ya kuma ƙara da cin wayoyi. Tasa ta faɗa ruwa, ya tsamo, ya kunna ta nan take don ya ga ko tana da rai, abin da ke ƙarasa ta ke nan. Ya binne ta kwana uku a buhun shinkafa, sannan ya kawo maka ita tana ƙarnin tarwaɗa, ya ce jiya-jiyan nan lafiyarta ƙalau.

Na dillalin rake a Rogo ya fi zafi. An loda mota, mai saye ya haska masa waya ya ce ya tura, shi kuma alat bai shigo ba. Direba na danna hon, 'yan dako na jiran haƙƙinsu, sai a aika a kirawo yaro. Yaron da ba shi da ko naira ɗari a asusu, shi zai tsaya tsakanin manya biyu ya yanke hukunci a kan dubu ɗaruruwa: rasit ɗin nan na gaske ne, ko haɗa shi aka yi? In ya ce a jira, mai saye ya ce an kira shi ɓarawo. In ya ce a tafi, kuɗi kuma suka ƙi zuwa, gidan ubansa za a yi sallama.

Wanda ba ya ba ni dariya shi ne Baba An-kira-ni-daga-banki. Wata murya mai ladabi ta kira shi da cikakken sunansa, ta ce za a rufe asusunsa in bai karanto lambobin da aka turo masa yanzu ba. Ya karanto, har da godiya. Sai da kuɗin taki suka tafi ya nemi yaran. Sun gaya masa, ba sau ɗaya ba, cewa banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya, kuma lamba shidan nan da WhatsApp ke turowa ba a ba kowa ita, ko da ya ce daga Makka yake kira. Amma ɗan damfara “ranka ya daɗe” ya ce masa, yaron gida kuwa yaro ne. Irin wannan ranar ba kashe-ka-kunna, ba fulashin. Sai dai wani ya ajiye aikinsa, ya goya Baba a babur zuwa banki, da man aljihunsa.

Batun lada kuwa an daɗe da daidaitawa. Mai caji yana karɓar kuɗin caji, mai POS yana cire nasa, amma gyaran da ba a sa sabon ƙarfe ba, ba a ɗauke shi aiki ba. Ai danne-danne ne. Kuɗinsa “Allah ya yi albarka”, wani lokaci da ɓarin goro, in an dace da kaka a haɗa da ƙullin gyaɗa ko sandar rake. Addu'ar ana so, ba wanda ya raina ta. Mai karya gwiwa shi ne Kawu. Ka ɓata masa yammaci guda, ka dawo masa da lambobinsa, ka share masa tulin bidiyon barka da Juma'a da suka cika masa waya, ya tafi ko waiwaye babu. Bayan wata biyu ku haɗu a wajen ɗaurin aure, ya jawo ka gefe.

“Kai, wayar nan tun da ka taɓa ta ba ta ƙara lafiya ba.”

“Subhanallahi, Kawu, me take yi?”

“Kuɗi take ci. Da in na sa kati sai ya yi min mako.”

“Ai Kawu kuɗin kira aka ƙara tun farkon 2025, har a rediyo an faɗa.”

“Rediyo ce ta taɓa min waya ko kai? Ni dai na gaya maka. Gobe in an idar da asuba ka biyo, ta gwaggonka ma ta fara irin wannan.”